Doguwar tafiya a kan keke cikin damina: jagora daga Damagaram

In ka ce wa mutumin Zinder za ka zagaya ƙauyuka a kan keke cikin watan Agusta, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, “Lafiya dai? Ga sanyi nan tafe, me ya kai ka shiga ruwa da taɓo?” Ni kuwa na gwada duka biyun, kuma damina na zaɓa. Da rani rairayin ƙasar nan ba ya ƙyale keke. Da ka sauka daga kwalta sai turi, kai da keke kuna nishi. Amma bari a yi ruwa da dare, ka fito da safe: wannan rairayin ya kwanta ya daskare, taya na gudu a kansa kamar a daɓe. Ruwan da ya gyara maka jigawa kuma shi ne zai kafe ka a fadama. Duk sirrin tafiyar yana nan, ka iya duban sama ka iya duban ƙasa. Sauran shiri ne, ga shi bi da bi.

Mataki na farko: hanya da lokaci

Damina a nan daga Yuni ne zuwa Satumba, Agusta ya fi kowane wata ruwa. Zinder kan samu abin da bai wuce milimita 400 da wani abu ba a shekara, kudu wajen Magarya ya fi haka, arewa wajen Tanut bai kai ba. Ruwan ba shi da yawa in ka auna da ƙasashen kurmi, amma a dunƙule yake zuwa: sa'a ɗaya ta isa ta cika kwari. Ni na fi son ƙarshen Yuli ko farkon Satumba. Tsakiyar Agusta akwai marka, ka wuni ba ka ga rana ba, kayanka su ƙi bushewa. Ƙarshen Satumba kuma ƙarangiya ta nuna, sauro ya yi ƙarfi.

Kada ka fara da babbar tafiya. Je ka Mirya ka dawo, kilomita 18 ne a kan babbar hanyar gabas, ka ɗora duk kayan da kake niyyar ɗauka. In ka daidaita da ranar Lahadi ka ci kasuwa. A wannan ƴar tafiyar za ka gane inda sirdi ke cizonka da kayan da ke karkata. Bayan ta sai ka gwada Gidimuni, wajen kilomita 70, ka kwana kusa da tafki ka dawo.

Zagayen da nake ba mutane shawara shi ne na kudu. Ka fita yamma zuwa Takeita, kilomita 50 da ɗoriya, ka karya kudu ta Kance zuwa Matamaye, daga nan ka yi kudu maso gabas zuwa Magarya, sannan ka hau arewa ta Bande da Dogo ka shigo gida. Magarya zuwa Zinder wajen kilomita 90 ne, duka zagayen kuma kusan 250. Mai ƙarfi zai ce kwana uku. Ka ba shi biyar, ka ƙara ɗaya na ruwa, domin akwai ranar da sama za ta ce ba inda za ka. Amfanin wannan yankin shi ne yawan jama'a: da wuya ka yi sa'a guda ba ka ga gari ba, ga masu faci, ga rumfar shayi. Iskar damina daga kudu maso yamma take busowa, don haka ranar farko za ka sha ta a fuska kana da sauran ƙarfi, ranar dawowa kuma ita za ta riƙa tura ka.

Hanyar Tanut ba ta mai koyo ba ce. Garuruwa da nisa, ga manyan motoci da tankokin mai. Gabas kuma ka tsaya iyakar Gure, tun da an sa jihar Difa ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a 2015. A kudu iyakar Nijeriya kusa take, ƙananan hanyoyi suna tsallaka ta ba alama, sai ka riƙa tambaya. Katin ɗan ƙasa ya zauna a jikinka cikin leda saboda shingayen jandarma, haka ma takardar sayen keke in kana da ita.

Mataki na biyu: keken

Ba sai ka sayi keke mai tsada ba. Abin tambaya ɗaya ne: in ya lalace a ƙauye, za a samu kayansa? Keke iri biyu ne suka ci wannan jarrabawa. Akwai baƙin keken gargajiya irin su Phoenix mai taya lamba 28, akwai kuma na hannu mai giya, mai faɗin taya lamba 26. Na farkon jaki ne, yana ɗaukar kaya, kowane mai gyara ya san cikinsa. Aibinsa birki: robarsa na kama bakin ƙarfe mai santsi, in ya jiƙe sai ka matsa ka ji shiru, keke na tafiya abinsa. Na biyun ya fi dacewa da rairayi da hawa, birkinsa ya fi kamawa cikin ruwa, sai dai giyarsa ba ta son yashi. Ni mai giya nake hawa, amma na ga dattijai sun kai buhun gero kasuwa cikin caɓi a kan baƙin keke ba su ko sauka ba. Siririyar tayar tsere kam bar ta a gida.

Mako guda kafin tafiya kai shi wurin mai gyara, ka zauna a yi a gabanka. A buɗe cibiyar ƙafafu biyu da gindin feda, a duba boris, a cika su da sabon giris. Giris ɗin nan shi ne katangarka da ruwa. A sa sababbin robobin birki, domin yashi da ruwa suna cinye su kamar gara. A ɗaure wayoyin ƙafa har ƙafar ta daina lilo. Tayar da ta siɗe a cire ta, in ma ɗaya za ka iya saya to ta baya. Akwai dabarar da masu kai kaya ƙauye ke yi: a yanke gefen tsohuwar taya a shimfiɗa ta cikin sabuwa kafin a sa tif. Keke zai ɗan yi nauyi, amma ƙayar tsidau ba za ta kai ga tif ba. Ka nemi tif mai bawul irin na mota, saboda duk mai facin babur zai iya ba ka iska.

Maganar madigadi ana gardama a kanta. A kwalta yana hana ruwan hanya zana maka layi a baya. A laka kuwa shi ne wurin da taɓo ke taruwa har ƙafa ta ƙi juyawa. Abin da nake yi, ina barin sa amma a ɗaga shi, yatsa biyu su shiga tsakaninsa da taya, ina kuma riƙe sifanar da zan kwance shi in ta kama.

Mataki na uku: kaya da ɗaurinsu

Ka raba kayanka gida biyu tun daga ɗaki: waɗanda ruwa ba ya yi musu komai, da waɗanda ko ɗigo bai kamata ya taɓa ba. Kashi na biyu su ne tufafin kwana da na salla, zanen rufa, sange, salula da cajarta, ashana, magunguna, takardu. Kowanne a ledarsa, a matse iska a murɗe baki a ɗaure, sannan a haɗa su cikin babbar leda mai kauri, ita kuma a sa ta cikin buhun shinkafa don kada ƙaya ta huda ta. Leda ce ke tare ruwa, buhu ke tare ƙaya. Kowanne shi kaɗai ba ya aiki.

Mafi kyawun akwatin keke da na taɓa amfani da shi jarkar man girki ce, irin ruwan ɗorawar nan mai lita 20. A yanke samanta ya zama murfi, a huda gefe a ɗaure ta a kariya da waya, ɗaya dama ɗaya hagu. Ruwa ba ya shiga, in ka faɗi ba ta fashewa, da dare kuma kujera ce. Ka ja su baya yadda dunduniyarka ba za ta riƙa bugunsu ba. Masu nauyi a ƙasa, nauyin dama ya yi daidai da na hagu. Kayan da aka tula sama a kan kariya suna kaɗa keke, a santsi kuwa kaɗawa ɗaya ta isa. Kada ka goya jaka a baya. Gumi da ciwon kafaɗa kawai za ta ba ka. Wajen ɗauri, robar tsohon tif da aka yanka tsaye ta fi igiya, don igiya in ta jiƙe takan saki ko ta ƙi kwantuwa.

Kayan gyara: famfo, tif biyu, sholisho da faci, samfefa, sifana, filaya, sukundireba, wayar birki ɗaya, robar birki biyu, ƴan wayoyin ƙafa, mahaɗin sarƙa, ƙaramar kwalbar baƙin mai, tsumma, da tsohon buroshin haƙori. Ƙara tamfol ɗan madaidaici, tocila, da fitilar baya mai ja. Duka kaya kada su wuce kilo 15 ban da ruwan sha.

Tufafi kashi biyu kawai. Na hanya, wanda zai jiƙe ya bushe a jikinka, mara nauyi irin rigar ƴan ƙwallo; wandon jins kam in ya sha ruwa sai ya zama sirdin jaki. Da na sauka, wanda ba ka taɓa sa shi a kan keke ko da wane dalili. Da safe za ka mayar da na jiya ko da ɗanshi. Ba daɗi, minti goma ne ya wuce. Wanda ya ji ƙyuya ya hau da busassun, daren nan zai kwana a jiƙe. Rigar ruwa kuma ka san amfaninta: in kana tuƙi da ita gumi zai jiƙa ka daga ciki, amma bayan hadari iska kan yi sanyi ƙwarai, to a nan take ceto. Takalmi na roba mai maɗauri a dunduniya. Silifas taɓo zai ƙwace maka su.

Mataki na huɗu: duban sama

Ka yi sallar asuba da keke a ɗaure, ka hau da hasken farko. Yawancin hadarin nan da la'asar ko cikin dare yake tasowa, don haka tsakanin ƙarfe 6 da azahar ne rabonka. A kwalta da kaya za ka yi kilomita 13 zuwa 15 a sa'a, a hanyar ƙasa rabin haka. Kilomita 50 ko 60 a yini ya isa. In azahar ta same ka a garin kwana, ka ci riba.

Hadarinmu daga gabas yake zuwa. Wannan yana rikita baƙi, domin iskar da ke kaɗa rigarka daga yamma take, sai mutum ya ɗauka za ta kore shi. Ba ta kore shi. Idan kana tafiya yamma, to a bayanka yake haɗuwa. Ka riƙa waiwaye. Alamunsa a jere suke: zafi mai ɗaure numfashi, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke cak, sannan jar ƙura ta taso kamar bango. Daga ganin ƙurar nan zuwa saukar ruwa ba nisa. In ka ga manoma sun saɓa hauya sun nufi gari, mata na kwashe shanya, kada ka tsaya lissafin saura kilomita nawa. Bi su.

Walƙiya ma tana da ma'auni. Da ka gan ta fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ne. In ƙirgarka ba ta kai 30 ba, kana inda aradu ke iya samunka. Mafaka ita ce ginin siminti: masallaci, aji, shago. Kada ka fake gindin itace guda a fili, ko giginya, ko ƙarƙashin turken waya. Gawo, wanda ya cika gonakin Matamaye da Magarya, ko inuwar ma ba shi da ita yanzu, shi da ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani. Kada kuma ka jingina da katangar ƙasa da ta sha ruwa kwana biyu; kowace shekara irinta na faɗa wa mutane. In hadari ya rutsa da kai a fili ba gari, sauka daga tudu, kwantar da keke ka yi nesa da shi taku talatin, tsuguna ƙafafu a haɗe, lulluɓa da tamfol. Amma ba cikin kwari ba, don nan ruwa zai bi.

Yayyafi da marka ba sa hana tafiya. Kunna fitilar baya, ka riƙa ɗan taɓa birki jefi-jefi don ya share ruwan bakin ƙafa, ka fara tsayawa tun da nisa. Duk kududdufin da ke kan kwalta ka ɗauka rami ne. In ka ji babbar mota a baya, sauka gefe ka tsaya. Direban ba ya ganinka sosai, feshinsa kuma makanta ne.

Mataki na biyar: duban ƙasa

Nan ne ake gane wanda ya saba. Jigawa, farin rairayin gonakin gero, bayan ruwa ita ce aljannar mai keke, amma ta sa'o'i ce: rana na dukanta zuwa hantsi sama ya bushe, ta koma halinta. Saboda haka hanyar rairayi da sassafe ake cin ta. Rage iskar taya kaɗan don ta baje, sa giya mai sauƙi, kada ka murɗa kan keke da ƙarfi, ka bi sawun amalanke inda ya danne.

Jar hanyar burji tana da kyau in ruwa ya tsane, amma tana da santsi lokacin da ake yin sa, ga ƙananan zaizaya da ke yanka ta a gicciye. Fako, ƙasar nan mai tauri mai sheƙi, da ta jiƙe sai ta zama sabulu. Kada ka taɓa birkin gaba a kanta.

Sai fadama. Baƙar laka ce, kuma ba a yi mata wayo. Tafiyata ta farko, tsakanin Matamaye da Magarya, na bar babbar hanya don in yanke. Na tarar da wani kwari shimfiɗe, ciyawa kore shar, na ce wannan ai minti biyar ne. Taku ashirin ƙafafun keke suka zama kamar turmi, suka daina juyawa. Na ɗauke shi, nauyinsa ya ninka, takalmina ɗaya ya tafi. Wani dattijo na noma a tudu yana kallona, bai ce komai ba sai da na fito.

“Sannu ɗana. Daga birni?”

“Daga Zinder, Baba.”

“Na gani. Ba ka ga ko jaki bai bi nan ba?”

Na duba, gaskiya ba sawun kowa. Hanyar mutane ta zagaya ta gefen gonarsa, nisan bai fi na kiran salla ba. Ya karyo kara ya miƙo mini, muka yi rabin sa'a muna ƙwaƙule laka. Tun ranar, in na ga wuri ya yi kore fiye da kewayensa, ƙasa ta yi duhu, ba sawun dabba, sauka nake in taka da ƙafa tukuna. In ta kama takalmi, za ta kama taya. Ka ajiye ɗan kara a kariya don wannan aikin, kuma ka cire laka tun tana ɗanya. In ta bushe sai da guduma.

Zagayawa kuma ba ta cikin shuka ba. Damina ce, gero ya zo har bakin turba, kowane tushe abincin gida ne. Tura kekenka ta kan iyakar gona ko ka bi burtali. In ka haɗu da garke, tsaya ka ba su hanya, ka gaisa da makiyayi. Shi ya fi kowa sanin inda ruwa ya yanke hanya yau.

Mataki na shida: tsallaka ruwa

Wannan shi ne abin da ke kisa a tafiyar damina, ba kura ba, ba ɓarawo ba. Kudancin Zinder ƙasar Ƙorama ce, kwaruruka da yawa da ke bushe wata tara, su tashi da gudu cikin sa'a guda. Ruwan ma ba sai an yi shi a kanka ba. Ana iya yin sa can gaba, kai kana cikin rana, ya iso maka ja wur da kumfa da karare.

In ka iso bakin ruwa mai gudu, sauka. Kafa kara a bakin ruwan ka jira minti goma, ka ga ƙaruwa yake ko raguwa. In yana ƙaruwa, nemi wuri ka ɗora shayi. Irin wannan ruwan ba ya daɗewa, sa'a biyu ko uku ya faɗa. Tambayi mutanen wurin inda ake bi, ka ga wani ya tsallaka da idonka. Sannan ka shiga kai kaɗai da sanda, ba keke, kana dafa ƙasa kafin kowane taku, don rairayin ƙasan yakan zame daga ƙarƙashin sawu. Ruwa mai gudu in ya kai gwiwa, ka fasa. Wanda bai kai nan ba ma yana kayar da ƙato. In ya yiwu, kwance kaya ka kai su a ka, ka dawo ka ɗauki keke a kafaɗa, ta gefen da ruwa ke tafiya, yadda in ya ƙwace ba zai haɗa da kai ba. Kada ka tura shi cikin ruwa: ƙafafunsa na tare ruwa kamar faifai, kuma yashi zai shiga boris ya wanke giris ɗin da ka biya. Inda aka shimfiɗa siminti ruwa na bi ta kai, nan ma kada ka hau. Akwai gansakuka, kuma gefen yakan rufta ba ka gani. Samarin gari sukan tsaya suna tsallakar da mutane. Ba su ɗan abin da ya samu, sun san kowane rami. Da dare kuwa ba a tsallaka ruwa, ko wane ne ke jiranka a ƙetare.

Mataki na bakwai: faci da sarƙa

Za ka yi faci, wannan ba makawa. Jiƙaƙƙiyar roba ƙaya ta fi saurin shigarta. A cikin ruwa kada ka ɓata lokaci, sa sabon tif, ka adana hujajjen sai masauki. Kafin ka sa, shafa cikin taya da tsumma a hankali ka nemo ƙayar. In ka bar ta, tif na biyu ma ya tafi. A masauki hura tsohon ka tsoma a kwano, inda kumfa ke fita nan ne. Goge shi ya bushe sarai, kankare da samfefa, shafa sholisho siriri, ka jira har ya daina sheƙi kafin ka manna. Gaggawar mannawa ita ke sa faci ɗagowa, kuma da damina ya fi jinkirin sha.

Sarƙa kuma kowace yamma: buroshi, tsumma, ɗigon mai a kowace gaɓa, juya feda, sannan ka goge na waje tas. Mai da yawa yashi yake kira, su haɗu su zama dutsen niƙa. Goge bakin ƙafa da robar birki, ka taɓa kusoshin kariya ko sun saki.

Mataki na takwas: masauki, ci da sha

Shiga gari da sauran rana. Sauka daga keke tun daga bakin gari, yi sallama, ka nemi ƙofar mai gari ko liman. Faɗi sunanka, inda ka fito, inda za ka. Galibi zaure za a ba ka, wani wurin kuma aji, tun da makarantu na hutu har Oktoba. Ɗaga kai ka dubi rufin kafin ka shimfiɗa, ka shigar da keke ciki. Kwana a daji da damina ba burgewa ba ne.

Abu ɗaya da ɗan birni ke mantawa: Agusta wata ne na ƙarshen rumbu. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Za a kawo maka tuwo duk da haka, wataƙila na wani ne aka rage. Ka ci, ƙin ci cin fuska ne, amma kada ka zo hannu biyu. Sukari, ganyen shayi, goro, sabulu, ba su da nauyi. Kuɗi in za ka bayar, ka ce na yara ne. Ka riƙe canji ƙanana, don takardar jaka goma ba ta da amfani a rumfar mai ƙosai.

Guzuri daga Zinder: ƙuli-ƙuli, dabino, garin rogo, kilishi, alkaki in kana so. Kilishi ka ci shi da wuri, ɗanshi ba ya barin sa. A hanya akwai fura da nono, ƙosai, kwaɗon zogale da na tafasa. Ka riƙa ci kaɗan-kaɗan tun yunwa ba ta kama ka ba.

Ruwan sha lita 4 zuwa 5 a yini, ko da rana ba ta fito ba. Cika daga famfo duk inda ka samu. Rijiyar da ba ta da murfi kwararar damina na shiga cikinta, lokacin amai da gudawa ke nan. Sa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardar, ka jira minti 30, ko ka tafasa. Kurkunu da ya addabi ƙasar Mirya a da ya kau, tun 2013 aka tabbatar Nijar ta rabu da shi, amma tsargiya na nan cikin tafkuna. Komai zafi kada ka yi wanka a ruwan kwance. In gudawa ta kama ka: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ka riƙa kurɓa, ka nufi likita mafi kusa.

Kowace yamma kira gida ka faɗi garin da ka sauka da wanda za ka gobe. Layi biyu na kamfani daban ya fi ɗaya. Salula ka ba masu caji da hasken rana tun da ka iso, don ranar marka su ma wutarsu kaɗan ce.

Mataki na tara: jikinka

Jiƙaƙƙen wando da sirdi su ke fara kayar da mutum, ba gajiya ba. Shafa man kaɗanya a cinya da mazaunai kafin ka hau, da ka sauka kuma ka wanke ka bushe ka canza. Tsakanin yatsun ƙafa ma a bushe shi, in ba haka ba ya yi fari ya tsage. Ƙaramin rauni da damina saurin ruruwa gare shi, wanke da sabulu ka rufe. Kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, kada ka taka ciyawa da dare ba tocila saboda kububuwa. Sange kuwa ko a zaure, ko an ce maka garin ba sauro, ɗaura shi ka cusa gefensa ƙarƙashin tabarma.

In ka shigo gida, kafin ka kwanta ramuwar barci, wanke keke da bokiti da tsumma, ba da matsin ruwan masu wankin mota ba. Juya kowace ƙafa kusa da kunnenka. In ka ji ƙaras-ƙaras, yashi ya shiga, a buɗe a sake giris. Shanya tamfol da sange da buhu a rana kafin su yi fumfuna. Masassarar cizon sauro takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, kafin ta bayyana, don haka zazzaɓin da ya zo maka bayan ka dawo kada ka ce gajiyar hanya ce. Je likita a ɗiga jininka a gwada a ranar.